Kabarin Mai Kifi

Alhamis, 21 ga Satumba

Na iso Onomichi da la'asar. Na kama ɗaki kusa da tashar jirgin ƙasa. Mai masaukin ta miƙo mini taswirar wuraren ibada, wai kada in ɓata. Na karɓa har da rusunawa. A garin da aka yanke mini cibiya!

Yaya Fumie ba ta san na zo ba. Shekara tara ita kaɗai ta yi jinyar Inna, ni ina Tokyo, kullum "aiki ya yi yawa". Ranar da aka ƙona gawar ma ban kwana ba. Sa'ad da aka sa tokar a kabari ba na nan. Yau shekara uku.

Juma'a, 22 ga Satumba

Ruwan sama ya hana ni fita. Ƙarya nake, yayyafi ne kawai.

Asabar, 23 ga Satumba

Na hau tudu zuwa makabartar haikalinmu, ina haki kamar tsohon kare. Na ɗauki bokiti da ludayi. Rabona da wurin tun binne Baba, amma na hango dutse da sunan gidanmu, Kashihara, duk gansakuka. Har na ji haushin Yaya a raina, ni! Na wanke shi tas, na cire ciyawa, na sa furanni, na kunna turare. Na yi kuka, na roƙi gafara da baki.

Ashe tsohuwar matar malamin haikalin tana bayana da tsintsiya.

"Ba Tetsu ba ne, ɗan mai gyaran jiragen ruwa? Sannu da aiki. Sai dai Kashihara mai kifi ka wanke wa. Naku yana sama, layi na uku."

Na ce, "Na sani, Iya, wucewa na zo yi." Ta dubi idanuna da suka kumbura, ta ci gaba da shararta.

Namu fes yake. Furannin ko yaushi ba su yi ba. Kukan da roƙon gafarar kuwa, na riga na ƙarar wa mai kifi.

Lahadi, 24 ga Satumba

Kafin in karya kumallo waya ta yi ƙara. Yaya ce.

"An ce ka wanke wa mai kifi kabari. Matarsa na godiya, wai ka dawo baɗi. Taho ka ci abinci, sakarai."

Na je. Ta tsufa, tana jan ƙafar hagu. Shinkafa da gasasshen kifi, da miyar da Inna ke yi. Na zauna ina jiran faɗa, bai zo ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Tana wanke kwanoni, ta ba ni baya, ta ce a shekarar ƙarshe Inna ta daina gane mutane. "In na ba ta abinci a baki sai ta ce, na gode, Tetsu."

Na ce, "Me kike ce mata?"

"In ce, ba komai, Inna. To me zan ce?"

Na ɗauki tsumma na hau goge kwanonin.

Litinin, 25 ga Satumba

Ƙarfen da Yaya ke dafawa a matakalar ƙofar gida yana girgiɗi, duk tsatsa. Na sayo kusoshi da fenti. Ta ce in bari, hannuna na ofis ne.

Jirgin ƙarfe biyu na rana, wanda zan koma Tokyo da shi, ya tafi ya bar ni. Ba wani abu ba ne, fentin ne sai an yi masa shafi na biyu gobe.