Kada Saniya Ko Ɗaya Ta Sauko Sokode

Zuwa ga Yaya Garba a Dapango,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya ƙafar Inna? Ya shanu da damina? Mu nan Sokode lafiya lau, sai dai ɓacin rai.

Ka tuna Salifu tafinta, wanda ya girma da tsirenmu? Shi ya gaya wa kumandan, Baturen da ke mulkin garin nan, wai mu mahauta ƙuda kawai muke tara wa gari, kantin Bature ne ke kawo haraji. Aka rushe rumfunanmu, aka kore mu zuwa bakin rafi. Muka rataye wuƙaƙe.

Yanzu majema ba fata, dukawa ba aiki. Matan Kparatao sun daina kawo doya, don da ma nama suke saya su koma da shi. Mai karɓar kuɗin kasuwa yawo yake da jaka wayam. Jiya kumandan ya aiko a lallashe mu. Wa ya aiko? Salifu!

Yaya, ka gaya wa dillalai kada saniya ko ɗaya ta sauko. Wallahi ko akuya ba zan yanka ba sai Salifu ya kafa min rumfata da hannunsa, ranar kasuwa, kowa na kallo.

Ka gaishe da Inna, ta sa mu a addu'a. Amma kada ta roƙa min haƙuri tukuna.

Ƙaninka,
Mamman