Ƙwan zabin matan ƙauye da wutar da ke ɗaukewa ba sallama

Zuwa ga mai girma Darektan da ke kula da rabon wutar lantarki a yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan damina ta same ka lafiya tare da iyali, ni ce Rabi mai zabi, mazauniyar Gazawa. Ina da na'urar ƙyanƙyasar ƙwai a ɗakin da ke bayan gidana, kuma a kanta nake rubuto maka.

Ranka ya daɗe, watakila aikin buro bai bar ka ka san halin zabuwa ba. Da damina kaɗai take yin ƙwai, kuma ba uwar kirki ba ce, shi ya sa tun kakanninmu kaza ake sa wa ƙwanta ta kwanta a kai. Ni na bi ƙauyuka ina faɗa wa mata cewa na'ura ta fi kaza, tunda tana ɗaukar abin da kaji goma ba su iya rufewa. Suka yarda da ni. Inna Tasalla, wata dattijuwa daga wani ƙauye a hanyar Agiye, har ta sayar da kajinta masu kwanci, ta kawo mini ƙwan zabinta cikin ƙwarya an shimfiɗe shi da ƙaiƙayi. Zabin nan su ne hatsinta idan rumbu ya yi ƙasa.

Ga ƙorafina.

Na farko. Ƙwan ya kusa fashewa, ina kara shi a kunne ina jin motsi, sai wuta ta ɗauke ranar da na tafi suna a Maradi. Ta kwana ta wuni ba ta dawo ba, ga sanyin ruwan sama. Ina da ɗan injin ba da wuta, amma wa zai tayar da shi, tunda ba wanda ya san za a ɗauke? Duka suka zama baragurbi. Da hannuna na haƙa rami na binne su. Inna Tasalla ba ta zage ni ba, ta dai ɗauki ƙwaryarta ta yi mini sai an jima. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Na biyu. Na je buronku, wani ma'aikaci ya yi mini bayani cikin mutunci. Wutarmu daga tsallaken iyaka take zuwa, kuma yawancin tashoshin can gas suke ƙonawa. Idan gas ya yi ƙaranci ko bututu ya samu matsala, sai a rage wa kowa, mu na ƙarshen layi mu fi jin jiki. Na gane, kuma na yarda. Amma ni ma da gas nake girki. Idan tukunyar ta kusa ƙarewa, ɗaga ta kawai nake yi in sani, ba na jira sai tuwo na kan wuta. Ba zan yarda a ce masu tasha sukutum ba su san nasu ya yi ƙasa ba sai ya mutu. Lalacewar farat ɗaya daban take, wannan ba na tuhumar kowa da ita. Ragin da aka tsara kuwa, in an sanar da ku, me ya hana ku sanar da mu? In kuma ba a sanar da ku, to ku nema, haƙƙinku ne.

Na uku. Gas ɗin da ke cikin tukunyata a ƙasarmu ake cika shi. Ban yi lakol, wato boko, mai zurfi ba, amma ina tambaya: masana sun taɓa zama sun duba ko zai iya tayar da tasha ko da ƙarama ce a jiharmu, wadda za ta riƙe mu idan layin can ya yi shiru? Idan ba zai yiwu ba, a faɗa mana dalili, za mu fahimta.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. A riƙa faɗa a rediyon gari kafin a ɗauke wuta, da safe lokacin da mata ke saurare. A kuma isar da tambayata ta uku ga na sama da kai.

Inna Tasalla ta sake aiko mini da ƙwai, na ƙarshe ke nan a bana, domin zabi sun fara daina yin ƙwai. Suna cikin na'ura yanzu, kuma na daina zuwa ko'ina, ko biki ko suna. Ranar da wa'adinsu ya cika zan zo buronka da ƙwarya a rufe. Idan tsaki ne a ciki, biyu naka ne, kyauta daga gare ni. Idan baragurbi ne, shi ma a kan teburinka zan buɗe shi.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ƙwaryar da zan kawo ta zama mai kuka.

Wassalam.

Rabi mai zabi, Gazawa