Gadar da Jae-gu Ke Gadi

Daegu, 9 ga Afrilu

Maman Jae-gu,

Gaisuwa mai yawa. Ya 'yarmu mai jego, ya jaririya? Ina fata iskar Jeju ba ta tayar miki da ciwon gwiwa ba. Ni lafiya lau nake.

Akwai abin da ban faɗa miki a waya ba. Ranar Talata ban buɗe shago ba. Na hau jirgin ƙasa zuwa Seoul, na bi motar masu yawon buɗe ido zuwa bakin iyakarmu da ƙasar Arewa. Ke kika ce min a gadar shiga aka ajiye ɗanmu, yana duba katin shaidar baƙi. Wata bakwai rabona da muryarsa, tun ranar da na ce masa sai aikin soja zai mai da shi mutum.

Muna isa gadar, wani soja ya hau motarmu, hular ƙarfe har gira. Shi ne. Ya rame, amma kafaɗa ta buɗe. Ya karɓi katina ya duba, ya dube ni, ya ce "Na gode," kamar yadda ya ce wa kowa, ya wuce.

Tsohuwar da ke gefena ta ce, "Dattijo, tun daga gada ka kasa ko mayar da kati aljihu? Idan muka shiga rami kuma sai a goye ka?"

An shiga da mu ramin da sojojin Arewa suka haƙa ta ƙarƙashin iyaka don su kutso mana, na buga kai da rufinsa sau biyu. Daga nan aka hau da mu tudu. Waya mai ƙaya iya ganinka, da allunan gargaɗin nakiya, amma wurin shiru, sai tsuntsaye. Ta madubin hangen nesa na ga wani manomi a tsallake yana tura kekensa.

Tsohuwar ta daɗe a kan nata madubin. Yayanta yana can tun lokacin yaƙi, duk shekara takan zo ta duba. Da na ba ta labarina, ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Naka yana wannan gefen, kana ta jan aji?"

Da muka juyo, Jae-gu ya sake hawa don ƙirga mu. An hana mu yi wa soja magana, amma yana zuwa kaina na ce, "Jae-gu, ban kyauta maka ba." Bai tsaya ba, ya ci gaba da ƙirga. Sai da ya kai bakin ƙofa, ya ba mu baya, ya ce, "Baba, ranar ashirin za a ba ni hutu. Ka zo tasha ka ɗauke ni."

Don haka ki dawo kafin ashirin. In ba hali, ki rubuto min yadda kike miyar naman nan da yake so, dalla-dalla, kin san hannuna a girki.

Ki sumbatar min jaririya.

Mijinki,
Pyo Gwang-su