Waƙar Barcin Jacek

Mama,

Ina gaida kowa a Lublin. Yaya ƙafar Baba? Mu a Bergen lafiya lau, aikin kifi dai sai haƙuri.

Solveig, malamar jikanki Jacek a makarantar reno, ta ishe ni da tambaya: me yake ci, wace waƙa nake masa in zai yi barci? Wai, "Tare za mu rene shi, Halina." Tare da wa? An ce a ƙasar nan da irin tambayoyin nan hukuma take fara raba uwa da ɗanta. Na ce mata ba ma waƙa.

Jiya na tarar tana rera masa waƙarki ta barci, wadda nake masa a gida, tana kwaɓa yarenmu. A bakinsa ta koya. Har ya yi barci a kafaɗarta.

Ban yarda da ita ba tukuna. Amma don Allah aiko mini da ƙarshen waƙar. A rabi take tsayawa, kamar ni.

'Yarki,
Halina