Farantin Nan Mai Yanka Tara

Zuwa ga Malam Lawal, mai kula da shafin "Ina Za Mu Ci Yau?", inda mutanen Dutsin-Ma da Kurfi suke rubuta ra'ayinsu kan gidajen abinci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina yi maka sannu da ɗawainiyar jama'a. Sunana Rabi, ni ce mai rumfar tuwon da ke bayan tasha a nan Dutsin-Ma, wadda yanzu ake kira "mai fuska biyu" a shafinka. Sau uku ina turo maka saƙo ta waya, na kuma sa maigidana ya taka har shagonka, amsar dai ɗaya ce: kai ba ka taɓa abin da jama'a suka rubuta. To madalla. Tunda na jama'a ne, bari in faɗi tawa a gabansu.

Na ɗaya. Wata huɗu da suka wuce, wani bawan Allah daga Kurfi, mai sayar da maganin dabbobi, ya ci tuwon shinkafa da miyar taushe a rumfata. Ya ɗauki hoton farantin: malmala biyu, nama yanka tara, har da hanta da tumbi. Ya rubuta cewa kuɗin faranti ɗaya ya biya, ya ba ni tauraro biyar, ya sa mini albarka. Ko ƙarya ɗaya bai yi ba, kuma ba ni da haushinsa. Kai kuma hoton ya burge ka, ka ɗaga shi ka kafe a saman shafi, har yau yana nan. Abin da ba ku sani ba, kai da shi, shi ne ranar ba kamar kullum ba ce. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, farantina yanka biyu ne.

Na biyu. Tun daga ranar na shiga uku. Mutum ya hau babur daga Makera ko Rawayau, ya zauna a benci, a ajiye masa tuwo, sai ya zaro waya. Ya dubi hoto, ya dubi faranti, ya sake duban hoto, kamar mai tantance katin shaida. Kafin ya wanke hannu ya riga ya rubuta cewa ni macuciya ce. Wani ya ce manya nake zuba wa, talaka kuwa in tsakura masa. Wani ya ce sayen hoton na yi. Akwai wata da ta ba ni tauraro ɗaya, ta kuma faɗa da bakinta cewa tana can wani gari, ji ta yi an ce. Ita ma ka bar mata nata.

Na yi ƙoƙarin in ƙara yanka ɗaya har na mako guda, ko bakin mutane zai lafa. Mahauci ba ya sayar da nama da hoto, kuma uku ba tara ba ce. Zagin bai ragu ba, ni ce na rage. Da, kafin la'asar an kankare tukunya. Yanzu ɗumame nake kwasowa gida har yarana sun fara ɓata fuska, kuma Iya Talatu, wadda take tuƙa mini tuwo tun farkon rumfar, na ce mata ta riƙa zuwa ranar kasuwa kawai. Ban iya kallon idonta ba lokacin da nake faɗa. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne wani direba, Alhaji Sani, da ya shekara tara yana cin tuwona. Ya gama ci, ya tsaya a bakin rumfa, ya ce, "Rabi, ashe dai akwai na manya?" Bai sake dawowa ba.

Na uku, kuma shi ne mai nauyin. Za ka ce me ya hana ni bayani tun farko. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ita ma mai tuwo ce a Birchi, a gindin murhunta na koya. Tana da rago da take kiwo. Da ciwo ya yi tsanani sai ta riƙe hannuna ta bar mini wasiyya: idan ta cika, a yanka shi, a zuba wa masu sayen tuwo a farantinsu, kada a ce sadaka ce. Ta ce akwai magidancin da yunwa za ta kayar da shi bai miƙa hannu ga sadaka ba, amma idan ya biya kuɗin tuwonsa zai ci da ƙwarin gwiwa. Na yi mata alkawari. Bayan arba'in ɗinta na cika shi, kwana biyu ana zubawa, ba a gaya wa kowa ba. Mutumin Kurfi a rana ta biyu ya faɗo.

Ka ga inda aka tsare ni. In na yi magana, na saɓa wa uwata tana kabari. In na yi shiru, ni ce macuciya. In na cika faranti kamar hoto, na rufe rumfa. Wata huɗu ina juyi a wuri ɗaya, ina karanta zagi da amsa a bakina. Makon jiya na je Birchi na faɗa wa ƙaninta, Kawu Mamman. Ya ce abin da ta nema shi ne a ci ba kunya, kuma an ci, ladarta ta riga ta isa, in faɗa. Ga shi na faɗa, amma wallahi zuciyata ba ta yi sanyi ba, don ba haka na yi da ita ba.

Na huɗu. Ni ma ba zan wanke kaina ba. Da zagi ya yi yawa, ƙannena da matan Islamiyyarmu sun yi ta zuba mini tauraro biyar, "Masha Allah, abinci sai Rabi", wasunsu ko ƙofar rumfar ba su sani ba. Kara suka yi mini, ban hana su ba, kuma yabonsu bai fi zagin waccan matar amfani ba. A duk shafin nan, rubutu ɗaya ne ya taimake ni. Wata malamar asibiti ta ba ni tauraro uku, ta ce sau uku tana zuwa bayan azahar, kuma miyar kukata gishiri yana yi mata yawa idan ta daɗe a kan wuta. Na ji haushi, na ɗanɗana, na ga gaskiya ce, na gyara. Wannan rubutun yana can ƙasa, ba mai ganinsa.

Saboda haka ina roƙonka, don girman Allah, ka sauke hoton nan daga saman shafi, ko ka liƙa wannan wasiƙa a ƙarƙashinsa. Ka sa duk mai rubutu ya faɗi ranar da ya ci, abin da ya ci, da sau nawa ya zo, don ci ɗaya labarin rana ɗaya ne. Wanda bai ci ba kada ya rubuta, ko maƙiyi ne ko ƙanwata ce. Na ƙannena ka fara gogewa, na yarda. Kuma ka buɗe wa masu abinci wurin amsawa, tunda sunanmu ake juyawa ba naka ba.

Allah Ya ƙara maka basira, Ya albarkaci shafinka da iyalinka, Ya tsare ka daga a yanke maka hukunci da hoton rana ɗaya.

Ga masu zuwa da waya a hannu kuwa, ƙofa a buɗe take, tuwo da zafi, gishiri daidai, nama yanka biyu. Wancan farantin ba zai sake fitowa ba. Ragon guda ɗaya ne, uwar ma guda ɗaya ce, kuma na riga na binne ta.

Wassalam.

Taka cikin girmamawa,
Rabi mai tuwo, bayan tasha, Dutsin-Ma.