Zane-zanen Nasiru a Hannun Mai Ƙosai

Talata da dare, Dutsin-Ma

Ainihin zane-zanen Nasiru ba sa shagon fotokwafi. Mai shagon ya tabbatar mini da haka bayan la'asar.

Ni na bar masa su makon jiya don ya buga mana katin gayyata. Tun da na karanta yadda Japanawa ke baje kolin zanen labaran jarumansu, takardar da mai zanen ya taɓa da hannunsa, da shatin fensir da inda ya goge, na ƙudura zan yi wa ƙanena Nasiru haka a ɗakin taron makarantarmu, shekara guda bayan rasuwarsa.

Da fara'arsa mai shagon ya miƙo mini sababbin kwafi. "Malam, ka ga yadda suka fito fes. Tsofaffin duk datti ne, har da tabon shayi. Na haɗa su da takardun da nake ba masu ƙosai."

Ban ɗaga murya ba. Wannan tabon nake son mutane su gani. Ina wurin ranar da shayin ya zube a kan jarumin da Nasiru ya zana, makiyayi mai sandar walƙiya. Nasiru ya yi dariya, ya ɗauki biro ya mai da tabon hadari.

Inna ta riga ta gayyaci dangi daga Kurfi. Na kasa faɗa mata.

Mai shagon ya ce wata mata daga Karofi ce ta kwashi ɗaurin, kuma yana jin ba ta suya sai ranar kasuwa. Ban sami wanda ya tabbatar mini ba tukuna.