Bencinan da Muka Aro Don Mu Karrama Ku

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kula da Makarantun Firamare na yankinmu, da dukan mambobin kwamitin.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kai da iyali da abokan aiki kuna lafiya. Ya aiki, ya kuma ruwa? Sunana Rifkatu Dauda, ni ce shugabar ƙaramar makarantar nan ta bayan Samaru, wadda ke kan hanyar da manoma ke bi zuwa Bomo. Ka san makarantar, don ka ci masa ka sha zoɓo a cikinta. Na san ba tsarin aiki ba ne ma'aikaciya ta rubuta wa na gaba da ita wasiƙa a bainar jama'a. Amma na yi ta sintiri a ofishinku, kullum sai a ce kana taro. Saura kaɗan in ajiye aiki, don haka abin da zan rasa bai taka kara ya karya ba.

Labari ya iso mini cewa a zamanku mai zuwa za ku duba shawarar kwashe 'yan aji ɗaya zuwa uku na makarantarmu, a mayar da su makarantar bakin titi, wai na ɗan lokaci, saboda rufin azuzuwansu ya lalace. Duk wanda ya daɗe a aikin nan ya san makarantar da aka kwashe wa ƙananan azuzuwa ta mutu, sai dai a jira manyan su gama su fita a sa kwaɗo. Kafin ku yanke hukunci, ina roƙo ku ji yadda aka yi muka zo nan.

Na farko, maganar ziyararku ta rani. Kun aiko mana cewa kuna tafe duba makarantu, don ku san inda za ku sa kuɗin gyara na bana. Mu a wajenmu, in aka ce manya za su zo gidanka, ba ka tarbarsu da tsumma. Haka iyayenmu suka rene mu, haka kuma muka yi. Na je wurin Faston cocinmu na roƙi aron bencina, ya ba mu, da sharaɗin a mayar kafin Lahadi. Malamin Islamiyyar da ke maƙwabtaka da mu ya ara mana tabarmi sababbi. Wani uban yara, Oga Emeka, mai shagon kayan gini a Sabon Gari, ya aiko da farar ƙasa kyauta, ya ce ba za a zo a ga makarantar 'ya'yansa kamar kango ba. Iyaye mata suka share fili har gindin katanga, in ma za a kira ragowar ginin ƙasan nan katanga. Inda silin ya rufta muka lulluɓe da zannuwan zumuntar matan cocinmu, ya zama kamar ado aka yi. Ajin da ya fi kowanne lalacewa, wanda in ka ɗaga kai kana hangen sama ta kwanonsa, muka kulle shi muka raba yaran a sauran azuzuwa.

Kuka zo, yara suka yi muku waƙar maraba, kuka zauna a inuwa kuka ci abinci. Kai da kanka, ranka ya daɗe, ka yaba, ka ce da kowace shugaba haka take riƙe makarantarta da kwamiti ya huta. Wallahi ranar na ji daɗi, har na kira ɗana a waya na faɗa masa. Ajin da muka kulle kuwa, wani cikinku ya tambaya, mataimakina ya ce sito ne, aka wuce. Babu wanda ya ce a buɗe. Babu wanda ya ɗaga zani ya leƙa, babu kuma wanda ya yi mamakin ganin ayar Zabura rubuce a bayan bencin makarantar gwamnati.

Da sakamakon zamanku ya fito, sai ga sunanmu cikin makarantun da ba su buƙatar gyara. Na garzaya ofis na sami sakatarenku, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Haba Malama, ai ku ba ku da matsala. Da idonmu muka gani." Na ce bencinan na coci ne. Ya yi dariya ya ce to a gaida Fasto.

Na biyu, maganar makarantar bakin titi da shugabarta, Malama Saratu. Ba baƙuwata ba ce. Tare muka yi kwalejin horon malamai, ɗaki ɗaya muka kwana, kuma a coci ɗaya muke sujada har yau. Na san ta sarai, ita ma ta san ni. Ranar da kuka je wurinta, ba ta share ko ƙofar ofis ba. Ruwan leda ta ba ku. Ta zaunar da ku a bencin da ƙafarsa ke rawa, ta zagaya da ku kowane lungu tana nuna tsaga, yara kuma duk suna zaune a ƙasa. An ce har hawaye ta yi a gabanku, ita da ban taɓa ganin hawayenta ba ko a wurin jana'iza.

Ina bencinanta suka shiga? Ni dai ban gani da idona ba, ba zan rantse ba. Amma mai kurar da ya ɗauko mana bencina daga coci, shi ne ya ce wa mataimakina a makon nan kasuwa ta yi masa kyau, don kafin namu ya kwashe na wata makaranta ya kai wani gida ajiya. Bai faɗi suna ba. Makarantu nawa ne a tsakaninmu, ranka ya daɗe? Mu muna shigo da na aro don kada ku ga tsiraicinmu, wata tana fitar da nata don ku ji tausayinta, kuma dabararta ce ta ci.

Na uku, abin da kuka kashe wa kuɗin. Ban ce wani ya ci ko kwabo ba, kada a juya mini magana. Aikin an yi shi, kowa yana gani, ni ma kullum ina gani, don daga Dogarawa nake tasowa, kuma motar haya ta gaban makarantar take bi. An zagaye ta da katangar bulo. An sa ƙofar ƙarfe mai fenti shuɗi. An haƙa rijiyar burtsatse, alhali famfon unguwa na nan kusa da su. An kawo sababbin bencina, waɗanda yanzu suka haɗu da tsofaffin da suka dawo daga inda suka je, har wasu an jibge su a baranda rana na dukansu. Ofishin shugaba ya sami labule da kujera mai juyawa. Ni kujerar da nake zama a kai tun zamanin shugaban da na gada take, kuma da bulo aka tokare ta.

Ba zan ɓoye maka ba, kishi nake yi. Shekaruna sun wuce a ce ina ɓoye abin da ke raina. In motarmu ta zo daidai shuɗiyar ƙofar nan sai in kau da kai in yi kamar ina neman wani abu a jaka. Kwanakin baya a taron zumuntar mata, Saratu ta miƙe ta ba da shaida, ta ce Ubangiji ya tuna da makarantarta, ya taɓa zuciyar manya. Mata suka yi guɗa, aka ɗauki waƙa, ni ma na tafa na ce amin, don ina zaune a layin gaba kowa na kallona. Da aka tashi ta riƙe hannuna ta ce in ci gaba da addu'a, nawa lokacin na zuwa. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na je na faɗa wa Fasto halin da zuciyata ke ciki, ya ce in yi haƙuri in yi mata fatan alheri. Ina ƙoƙari. Amma shi ma sai da na tuna masa bencinansa ne suka ja mana.

Kuma kishin nan ba na labule ba ne kawai, ko da yake labulen ma yana ciki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kuɗin ƙofa da fenti kaɗai da ya isa ya rufe mana azuzuwan ƙananan yara. Kafintan da ya duba mana ya ce katakon da sauransa, kwano ne ya mutu. Kun zaɓi ku ƙawata makarantar da ke bakin titi, inda duk mai wucewa a mota zai ga aikin kwamiti. Mu muna bayan gari, sai mai keke da mai fartanya ke ganinmu.

Na huɗu, halin da muke ciki tun da ruwa ya sauka. Malama Ngozi, mai aji ɗaya, da bokitai take shiga aji. Ta san inda kowane ɗigo yake sauka, ta jera yaran a jikin bango, tana koyarwa tana matsar da su. In hadari ya haɗo tun kafin tara, sallamarsu muke yi, don ba zan zauna in jira silin ya faɗo kan ɗan wani ba. Yaran da suka fito daga gonakin wajen Bomo sukan koma gida a jiƙe. Iyaye suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa, wannan ya ce sun tashi daga unguwar, wancan ya ce yaron zai koma wurin kawunsa. Bayan kwana biyu sai in hango yaron a bakin shuɗiyar ƙofa. Ban ga laifinsu ba. Oga Emeka ma ya kwashe nasa, ya zo har ofis ya ba ni haƙuri, yana ta juya makullin mashin a hannu ya kasa kallon idona.

Yanzu kuma raguwar yaran nan ita ce hujjar da za a kawo muku a zama, a ce makarantar ba ta da ɗalibai, gara a haɗe. Ku kuka hana mu rufi, rashin rufi ya kori yara, sannan a ce don babu yara ba za a yi rufi ba. Waɗanda suka rage mana kuwa su ne 'ya'yan da iyayensu ba su da kuɗin mashin kullum. In kun mayar da su can, ɗan shekara shida zai tako daga bayan gari ya tsallaka babban titin Samaru da safe, lokacin da manyan motoci ke gudu. Da yawansu gida za su zauna, na san iyayensu.

Ga roƙona.

Ku jingine maganar kwashe yaran, ku sake zuwa ku duba mu. Kada ku aiko da sanarwa. Ku zo da damina, ranar da aka kwana ana ruwa, ku ce a buɗe muku kowace ƙofa. Ba za ku sami masa ba wannan karon, kuma ku zo da abin zama.

Ku sa rufin azuzuwanmu uku a cikin abin da ya rage na bana. Ban roƙi katanga ba, ban roƙi rijiya ba. In ma babu sabon kwano, ku ba mu izini mu kwaso na tsohuwar rumfar da aka rushe a makarantar bakin titi, yana nan jingine a bayan ofis yana tsatsa. Bencinan da ke shan rana a barandarsu ma, in an ba mu ba za mu ƙi ba, ko da yake sai na haɗiye abu mai ɗaci kafin in aika a ɗauko.

Ku kuma canza yadda kuke raba kuɗin gyara. Muddin abin da ido ya gani a ziyarar da aka sanar shi ne ma'auni, to kuna koya wa shugabannin makarantu cewa mai kunya ita ke asara. Baɗi kowa zai ɓoye bencinansa, har da ni in ina nan.

In duk da haka kuka yanke a haɗe, to ina roƙon alfarma ɗaya, kada a tura ni can a matsayin mataimakiyar Saratu. Ku kai ni ko wane ƙauye ne in ƙarasa kwanakina.

A ƙarshe, bari in faɗa maka abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Litinin da ta wuce, matar ɗana ta shigo ofishina ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe tana kame-kame, sannan ta ce Hannatu ta yi ta tari tun da aka fara ruwa, su da mijinta sun yi shawara. Hannatu jikata ce, tana aji biyu, a bayana ta girma. A matsayina na shugabar makaranta, ni na sa hannu a takardar canjinta, ni na buga hatimi. Da yamma aka kawo ta gidana cikin sabon yunifom na makarantar bakin titi, tana juyi a tsakar gida, ta ce, "Kaka, ya yi mini kyau?" Na ce ya yi kyau ƙwarai. Kuma gaskiya ya yi mata kyau.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka da abokan aikinka basirar raba abin da ke hannunku bisa adalci. Allah ya raya maka zuriya, kada kuma ya nuna maka ranar da za ka sa hannu da kanka a fitar da jikanka daga wurin da ka ba rayuwarka.

Wassalam, na bar ku lafiya.

Taku a bakin aiki,
Malama Rifkatu Dauda
Samaru, Zariya